Ƙarshen Littafin Da Na Canja Wa Iya

Assalamu alaikum. Masu tambayata a ƙasan shafin da ya wuce, wai me ya hana manyana zuwa neman aure gidan su Mahbuba tunda ita ta yarda, mahaifinta ma bai ƙi ba, yau ga amsarku. Na so in tsallake wurin nan. Sau uku ina rubutawa ina gogewa.

Ɗaki ne ya hana. Ɗakin kuwa ni na ƙara masa kwaɗo da bakina.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Mu'inuddeen. A Sabo aka haife ni, nan Ibadan, bayan layin 'yan goro. Shekara biyu ke nan da gama sakandarena, ina zama a shagon goron Kawu Abdulrahim. Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni. Ashatu ne sunanta, amma duk layin Iya ake ce mata. Sunan mijinta aka sa min, don haka ba ta kirana da shi. Mai-sunan-Malam take cewa, in ranta na da daɗi ta ce Angona.

Gidanmu ɗaki huɗu ne. Kawu da iyalinsa biyu, Iya ɗaya, ni a zaure nake shimfiɗa. Na huɗun a kulle yake. Na mahaifiyata ne, Sa'adiyya. Rubutawa na yi, bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ɗa ba ya kiran sunan uwa. Iya ma ba ta kira, don 'yar farinta ce. Mai tafiya take ce mata.

Ina da shekara huɗu ta hau mota a tashar Ojoo za ta Kano gaisuwar rasuwa, ta ce kwana biyar za ta yi. Motar ba ta isa ba. Ba a ga mota ba, ba a ga gawa ba. Shekara goma sha bakwai. Abin da na riƙe nata bai wuce mayafi ruwan hoda ba, shi ma ban tabbata ba ko Iya ce ta yi ta ba ni labarinsa har ya zama nawa.

Duk Juma'a Iya na buɗe ɗakin ta share, ta kakkaɓe zanin gado, ta mayar da kwaɗo, ta ƙulle makullin a haɓar zaninta.

Wanda ya san Sabo ya san ɗaki ya fi matar aure wuyar samu. Watan jiya Kawu ya ajiye wuƙar yanka igiyar huhu ya dube ni.

"Ni ba zan je in durƙusa gaban Malam Nasiruddeen neman 'yarsa ba, ya ce ina za a ajiye ta, in ce zaure. Ka yi wa Iya magana. Kai take ji."

"Kai ma ai ɗanta ne, Kawu."

"Na yi, na gaji. Kullum amsa ɗaya: ai Talatu ma ta dawo. Wace ce Talatun nan, don Allah? Na tambayi duk dangi, babu wanda ya san ta."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da jera goro. Ni na san ta.

*

Tun ina aji huɗu na zaɓi adabin Turanci. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma shekara arba'in ta yi tana koya wa matan layinmu karatun allo, ta sauke ta sake saukewa. Wata rana bayan la'asar tana tsince goro a faranti, tana ware mai sankara gefe, ta ga ina ta murmushi ni kaɗai a kan littafi.

"Wannan kuma wane irin karatu ne ake yi ana yaƙe haƙora?"

"Labarin mutane ne, Iya."

"Gulma dai. To oya, a ba ni in ji."

Haka muka fara. In karanta layi da Turanci, in juya mata da Hausa. Ta sa masa suna littafin mutane. Kullum bayan la'asar, ita da farantin goro da carbinta a wuya, ni a kan turmi da na kife.

Ba ta barin kowa ya wuce ba ta yi masa hisabi ba.

"Wannan mijin nata, yana sallah?"

"Ba a faɗa ba, Iya."

"To ba ya yi. Da yana yi da an faɗa."

"Iya, ƙirƙira ce fa. Babu su a duniya."

"Rufe min baki jare. Allah kaɗai ke halitta. Mai littafin nan wani ya gani da idonsa, ya canja masa suna don kada dangi su kai shi gaban alƙali."

Ku yi dariya in kuna so. Ni ma na yi. Amma wata rana ta ce da wani attajiri a cikin labari, "Mutumin nan tsoro ne fal cikinsa, shi ya sa dariyarsa ta yi yawa." Na juya maganar da Turanci na sa a aikin gida. Malaminmu ya tsayar da ni gaban aji ya ce ina na samo wannan. Na ce a gida. Tun daga nan babu mai kamo ni a adabi, ko Mahbuba da take gaba da ni a komai.

A ajin ƙarshe aka ba mu wani littafi mai koren bango. Labarin wata mata ce da ta bar jaririnta wajen uwarta, ta hau babbar mota neman mijinta da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Sunanta ya ƙi zama a bakin Iya. Da ta ji ran Talata ta bar gida, sai ta ce, "Talatu ke nan."

Da muka kai wurin da matar ta juyo daga bakin mota tana ɗaga wa uwarta hannu, Iya ta daina tsince goron. Ba ta tambayi ko Talatu na sallah ba. Daga ranar, in na makara dawowa daga makaranta, a bakin zaure nake tarar da ita.

"Ina ta kwana jiya?"

"Wa?"

"Talatu mana. Ka bar ta a kan hanya ka tafi ƙwallo."

Sai in gaya muku wani abu guda kafin in ci gaba. Iya na da tanda mai gida tara, tun daga Kano ta zo da ita a jirgin ƙasa tana amarya. Duk safiyar Juma'a tana soya masar sadaka. Zubin farko na mamatanta ne: ta zuba ƙullu a gida ɗaya ta kira suna, ta zuba a na gaba ta kira suna. Iyayenta, mijinta, mahaifina, har mutum takwas. Gida na tara kuwa ko mai ba ta ɗiga masa. Ina yaro na tambaye ta, ta ce, "Ba a zuba wa mai tafiya." Ni ke kai kwanon ƙofar masallaci, 'yan dako su raba.

To, na riga Iya karanta babin ƙarshe a makaranta. Talatu ba ta dawo ba.

Ranar da muka kai wurin ana ruwa, irin na Ibadan mai dukan kwano har sai ka ɗaga murya. Muna rumfar tsakar gida. Iya ta ture farantin gefe, ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo.

"Yau dai za ta iso."

Ba tambaya ta yi ba.

Na buɗe littafin. Na buɗe baki. Na ce Talatu ta sauka a tasha da hantsi, ƙafarta duk kaushi, da ƙullin kaya ɗaya a ka. Na ce ta tarar da uwarta na tankaɗe a tsakar gida. Na ce yaron bai gane ta ba, ya ɓuya a bayan zanin kakarsa, sai da ta tsuguna ta kira shi sau uku. Ban san daga ina maganar ke zuwa ba. Zuwa kawai take yi.

Iya ta ja carbinta. Can ta ce, "Alhamdulillahi." Ta jawo farantinta.

Tun daga ranar na daina zama kusa da ita in tana suya. In ji ƙamshin masa in fice, sai ta rufe kwano in zo in ɗauka. Tun daga ranar kuma duk wanda ya ta da maganar ɗaki, amsarsa ɗaya.

A jarrabawar fita, tambayar farko a kan mutuwar matar nan ce, da abin da take nunawa. Na san amsar kamar yunwar cikina. Na ɗora biro. Shafi huɗu na cika, na rubuta ta dawo, da tankaɗen, da yaron, da kira uku. Ina gani hannuna na yi, ban hana shi ba. Da sakamako ya fito adabi kaɗai na faɗi. Malaminmu har shago ya biyo ni. Na ce zazzaɓi ne ya kama ni a zauren jarrabawa.

*

Jiya Laraba da azahar ina shago wayata ta yi ƙara. Mahbuba.

"Iya ta kira ni da 'yar wayarta. Wai in zo gobe bayan la'asar, in taho da koren littafin nan namu. Lafiya dai?"

Sai da na ji goron bakina ya zama kamar ƙasa.

"Ki ce ya ɓata."

"Ga shi a gabana. In ce ya ɓata?"

"To ki ce ba ki da lafiya."

"Mu'in. Ƙarya biyu cikin minti ɗaya. Me ke faruwa?"

Na shiga bayan huhunan goro na yi mata saƙon murya. Minti shida. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Na ga ta saurara. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito.

"Shi ya sa ka faɗi adabi."

Sai wani saƙon.

"Ni ba zan karanta wa tsohuwa abin da ba ya cikin littafi ba. Ba kuma ni zan kashe mata Talatu ba. Ka san yadda za ka yi."

Na rubuta, "Kin fasa ke nan?"

"Zuwa zan yi. Sauran abin da kake nufi, sai na ga goben."

Yau ta zo. Hijabi ruwan toka har ƙasa, atamfa mai ganyen shuɗi na leƙowa ta ƙasansa, littafin a cikin leda tare da lemo uku. Ta durƙusa har ƙasa.

"Iya, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya gode wa Allah. Matso in gan ki, idon nan ya zama na ado." Yanar ido ta rufe mata ɗaya tun bara, ɗayan ma hayaƙi-hayaƙi take gani. Ta shafa fuskar Mahbuba da tafin hannu. "Ke ce za ki raba ni da Angona? To ki sani, ba ya magana sai an matse shi kamar ƙurji."

"Na lura, Iya."

"Kuma in ya ce miki ya ƙoshi, ƙara masa."

Suka yi dariya. Ni ina kan turmina.

"Abin da ya sa na kira ki," in ji Iya, "ina marmarin wurin da Talatu ta dawo. Muryar wannan ta yi kauri, kamar janareton maƙwabta. Ke karanta min."

Mahbuba ta buɗe babin ƙarshe. Ba ta dube ni ba. Ta karanta, tana juyawa da Hausa a hankali: motar ta lalace a wani ƙauyen bakin hanya, fasinjoji sun sauka, Talatu na jin sanyi alhali rana na tsaka. Ta kai ƙasan shafin. Ta tsaya. Ta miƙo min littafin da hannu biyu.

"Iya, daga nan nasa ne."

Na karɓa. Daga titin Mokola ana jiyo hon ɗin okada, kamar daga wata duniya. Ƙofar ɗakin nan na daidai gabana, kwaɗon ya yi tsatsa a gefe ɗaya.

Zan iya maimaita abin da na faɗa shekara biyu da suka wuce. Ban manta ko kalma ɗaya ba. Mahbuba ba za ta tona ni ba, na sani. Tashi kawai za ta yi ta tafi.

Na ɗora yatsa a kan layi.

Na ce zazzaɓin ya kwantar da Talatu a rumfar wata mai sayar da abinci. Na ce motar ta gyaru ta tafi ba da ita ba. Na ce kwana biyu ta yi tana kiran sunan yaronta, mutanen garin ba su jin yarenta. Na ce ran na uku da safe mai abincin ta taɓa ta ta ji sanyi. Suka binne ta a bayan tasha, gindin wata bishiya, babu wanda ya san sunanta. A gida kuma uwarta ba ta daina barin ƙofa a buɗe ba.

Nan littafin ya ƙare.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Iya. Carbin na tafiya a hannunta. "An yi mata sutura?"

"Mai abincin ta rufe ta da zaninta."

"Allah ya saka mata. Sallah fa?"

Bakina ya buɗe zai ce an yi. Wallahi har ya buɗe.

"Ba a faɗa ba, Iya."

Ta gyaɗa kai. "Ka ga yanzu karatu kake yi."

Na ɗago.

"Mai-sunan-Malam, shekara arba'in ina zaune gaban masu allo. Na san idon mai karatu, tafiya yake yi a kan layi. Ranar nan da ake ruwa idona garau yake. Naka idon a kan ƙofar can ya tsaya. Ko shafi ba ka juya ba."

Mahbuba ta sa gefen hijabi ta rufe baki.

"Kin sani?" Muryata ta fito kamar ta wani. "To me ya sa kike ce wa Kawu Talatu ta dawo?"

"Yaron da ya ta da matacciya daga cikin littafi don uwarsa ta shigo gida, ni ce zan dube shi in ce a fasa ɗaki? Kai nake jira. Ni tun Juma'ar da ta biyo bayan ranar na fara zuba wa gida na tara. Da kana zama kusa da ni da ka gani. Sai ka koma gudun ƙamshin masa kamar mai laifi."

Shekara biyu ina ɗaukar kwanon nan a rufe. Ban taɓa ɗaga murfin ba.

Ta jawo haɓar zaninta, ta daɗe tana fama da ƙullin don ya riga ya kama. Mahbuba ta miƙa hannu za ta taimaka, ta ce, "Bari." Da makullin ya fito ta lalubi littafin a cinyata, ta sa shi a shafin ƙarshe, ta rufe.

"Zubawa nake yi shiru. Sauran takwas kowa da sunansa, ita babu, kamar Talatu a bayan tasha. 'Yar fari ce. Ban kira sunanta tana gabana ba, harshena ba zai koya yanzu ba. Gobe in na ɗaga ludayi a kan na tara, kai za ka kira."

"Iya, uwata ce. Ni ma ban taɓa..."

"Na sani. Cikin mu biyu dole wani ya yi rashin kunya, kai ne yaro."

"In tana raye fa?"

"Sadaka ba ta kashe mai rai. In ta dawo ta tarar da matar ɗanta a ɗakinta, ai ba ta yi asara ba." Ta juya inda take jin numfashin Mahbuba. "In ya kira, ya buɗe, kawunsa ya je wajen babanki. In bai iya ba ya dawo min da makullina, ke kuma ki yi haƙuri da shi ko ki nemi mai ɗaki. Ba zan ga laifinki ba."

Na raka Mahbuba har bakin titi. Sai da ta hau mota saƙonta ya shigo.

"Zan zo da sassafe in taya Iya fifita wuta. Ba zan dube ka ba, kada ka ji nauyi. Amma kunnena na wurin."

Na dawo na tsaya gaban ƙofar. Na sa makullin a kwaɗo, ya shiga kamar an shafa masa mai. Ban murɗa ba. Ta ƙasan ƙofar wani ƙamshi ke fitowa, na tsohon turare da kayan da suka daɗe a ninke, kuma na rantse muku na san shi, ba daga labarin Iya ba. Na zare makullin na koma zaure.

Yanzu da nake muku rubutun nan ana kiran magariba. An dawo da niƙa, Iya ta rufe ƙullu da faifai, ta jingine tandar a bango ta wanke ta tas, gida tara suna kallona. Sau biyu na gwada ni kaɗai, a hankali, fuskata a bango. Harafin farko ne kawai ke fita.

Gobe Juma'a.